A miƙa wa matasan 'yan ƙwallonmu usur

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Daga Jidda nake rubuto muku, inda nake taimakawa wajen horar da yaran unguwarmu ƙwallo, akasarinsu 'ya'yan Hausawa haifaffun nan. Kirana ga iyaye da masu horarwa ne: yaron da ya kai shekara 15 yana taka leda da gaske, a riƙa ba shi usur ko tuta ya yi alƙalancin wasan ƙannensa. Mu daina ɗaukar alƙalanci aikin wanda ƙafarsa ta gaza.

Yaranmu akwai gudu, akwai yanka, amma tambaye su dokokin wasan nan 17 ka ji shiru. Ɗauki doka ta 11, ta satar gida. Kowa a nan yana tuna 22 ga Nuwamban 2022 a filin Lusail na Qatar, a gasar Kofin Duniya, ranar da Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1, kuma ƙwallon Salem Al-Dawsari ake ta yabo. Sai dai kafin a tafi hutun rabin lokaci, sau uku Ajantina na jefa ƙwallo a raga ana sokewa saboda satar gida, domin 'yan bayan Saudiyya sun turo gaba, sun riƙe layi ɗaya, suna motsi tare. Wannan ido, yaron da ya tsaya bakin layi da tuta ne ke samunsa, don dole ya daidaita da ɗan baya na ƙarshe, ya kuma lura da daidai lokacin da ƙwallo ta bar ƙafar mai bayarwa. In ya koma fili a matsayin ɗan baya, ya san lokacin takawa gaba. In ɗan gaba ne, ya san babu satar gida a jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola, sai ya ci moriyarsu.

Ga kuma gyaran hali. Wanda aka taɓa yi wa ca a kan hukuncin da ya yanke cikin ƙiftawar ido, da wuya ya bi alƙali da baki har ya jawo wa kansa kati. Dokokin ma canzawa suke: tun kakar 2025/26, golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, kwana ake ba abokan karawa.

Ba kowane yaro zai zama Osama Hawsawi ba, wanda ya riƙe kambun kyaftin ɗin Saudiyya a Kofin Duniya na Rasha a 2018. Amma Khalil Al-Ghamdi, alƙalin wasa ɗan Saudiyya, da usur ya je Kofin Duniya na 2010, ga shi kuma ƙasar nan ce za ta karɓi baƙuncin gasar 2034.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mu manya. A gasar unguwa da ake yi da azumi bayan tarawi, za ka ga magidanci da furfurarsa yana zagin yaro sa'an ɗansa don ya busa fenariti. Haba jama'a! Wane yaro ne zai sake karɓar usur bayan wannan? A fara su da wasan 'yan ƙasa da shekara 10, babba ɗaya ya tsaya musu, kuma duk mai gyara ya jira a tashi ya faɗa cikin mutunci.

Ku ma ina roƙonku, ku ware ko da minti biyar a shirinku na wasanni kowane mako, a ɗauki doka ɗaya a warware ta da Hausa.

Wassalam.
Mai sauraronku, daga Jidda