A ba kowane bincike lambarsa a ofishin ma'aji

Assalamu alaikum Edita, ina gaishe ka da ma'aikatanka. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan kuɗin bincike a jami'o'inmu, shekara da shekaru na yi a ofishin ma'ajin wata jami'a ina rubuta bauca, wato takardar biyan kuɗi, kafin in yi ritaya, kuma har yau abin yana ci min tuwo a ƙwarya.

Da yawa ba su san duk nairar da ta shiga ko ta fita tana da lamba ba. Tsarin lambobin asusu na ƙasa da aka kawo lokacin da gwamnati ta koma IPSAS, wato ƙa'idojin lissafin kuɗin gwamnati na duniya, lamba 52 ne a jere, an raba su gida shida, akwai na ma'aikata da sashe, na irin abin da aka saya, na aiki, na shiri, na inda kuɗin ya fito, sai na wurin da aka kashe shi. In ka ga gidan irin abin da aka saya ya fara da 21 to albashi ne da alawus, 2202 kuɗin gudanarwa ne irin su tafiye-tafiye da mai da takardu, 23 kuma manyan ayyuka kamar gini. Wanda ya iya karanta su ko bai tashi daga kujera ba zai gaya maka inda kuɗi suka bi.

To inda gizo ke saƙar shi ne gidan da ke nuna asalin kuɗin. Tallafin bincike na TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu wadda aka kafa a 2011 kuma ta riƙa samun kuɗinta daga harajin ilimi kan ribar kamfanoni, wanda a 2023 aka kai shi kashi 3 cikin ɗari, ba kuɗin makaranta ba ne da za a zuba tukunya ɗaya, amanar bincike ce da sunan mutum a kai. Bayan da aka shiga asusun bai ɗaya na gwamnati, TSA, a 2015, lambar nan ce ta riƙa raba kuɗin wane da na wane.

Ba zan manta da wata malama daga tsangayar noma ba, tana bincike kan tsutsar da ke cinye masara, ta shigo min da leda cike da rasit na mai, ƙafarta duk ja da ƙasar gona, wai an ce mata kuɗinta sun ƙare alhali ko rabi ba ta ci ba. Wallahi ba wanda ya saci ko kwabo, yaron da ya shigar da kuɗin ne ya sa su ƙarƙashin tafiye-tafiyen sashe gaba ɗaya, wasu suka je taro aka biya su daga ciki. Sai da muka bi littafi layi-layi kafin muka mayar mata, kafin nan an yanke masara, damina kuma ba ta jiran sa hannun kowa. Shekara guda ta tafi mata a banza, kuma ni na ga hawayenta.

Malamai ma suna da nasu, wani zai karɓi kuɗin somin aiki ya yi shiru ba rasit ba bayani sai odita ya zo, wannan ma yana toshe wa na baya hanya.

Roƙona ga hukumomin jami'o'in Bauchi da Gombe, duk binciken da aka ba tallafi a buɗe masa lambarsa shi kaɗai tun ranar farko, a rubuta ta a takardar amincewa, kuma duk ƙarshen wata a tura wa mai binciken bayanin abin da ya fita da abin da ya rage ko ta waya ce. Sannan a zaunar da ƙananan ma'aikatan ofishin ma'aji a koya musu ma'anar lambobin nan, don su ne hannun farko da ke taɓa bauca.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ofishin ma'aji, Yelwa, Bauchi