Tsare Yara Masu Laifi Ba Shi Kaɗai Ne Gyara Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan yadda ake tafiyar da yaran da suka aikata laifi. Tun a shekarar 1899 aka buɗe kotun yara ta farko a birnin Chicago na Amurka, bisa fahimtar cewa hankalin yaro bai gama nuna ba, don haka gyara ya fi dacewa da shi a kan horo. Sashe na 37 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya tanadi cewa kada a tsare yaro sai in babu makawa, kuma na ɗan gajeren lokaci, tare da raba shi da manyan fursunoni.

Abin da ke damuna shi ne gidan gyaran halin da babu malamai, babu koyon sana'a, babu kuma likitan da zai kula da wanda ya kamu da shaye-shaye. Irin wannan gida kurkuku ne aka sauya wa suna, kuma yaron da ya shiga saboda ƙaramar sata yakan fito da dabarun manyan ɓarayi.

A ƙasar New Zealand, tun 1989 ake zaunar da yaron da danginsa da wanda aka zalunta, su tsara yadda zai biya ɓarnar da ya yi. Ina kira ga alƙalai su riƙa fara gwada irin wannan sulhu kafin su ba da umarnin tsarewa.

Wassalam,
Mai karanta jaridarka.