Da wace hujja kuka kira maƙwabcin nan mai kisan kai?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Larabar da ta wuce ya hana ni barci. Labarin kisan gidan gonar Hinterkaifeck da ke Jamus, inda aka kashe mutum shida a 1922, na san shi tun da daɗewa, don haka ba shi ne ya tayar mini da hankali ba. Abin da mai gabatarwa ya yi a ƙarshe shi ne ya tsaya mini a rai. Ya sassauta murya, aka sako kiɗan ban tsoro, ya kama sunan wani maƙwabcin gidan ɓaro-ɓaro, ya ce wai duk mai hankali ya san shi ya kashe mutanen shida. Ina tambayarku, da wace hujja?

'Yan sandan da suka zo daga Munich sun tuhumi mutane fiye da 100, ba su gurfanar da ko ɗaya ba, har aka rufe fayil a 1955. Shi kansa mutumin ya sha kai ƙarar masu kiransa mai kisan kai gaban alƙali, ya kuma yi nasara, ya mutu a 1941 ba tare da wata kotu ta same shi da laifi ba. A 2007 ɗaliban makarantar 'yan sanda ta Fürstenfeldbruck sun sake tono maganar, ra'ayinsu ya haɗu a kan mutum ɗaya, amma suka ƙi faɗin sunansa saboda danginsa da ke raye. Su ke nan da takardun bincike ke gabansu sun kame bakinsu. Ku kuma daga cikin ɗakin watsa shiri kun yanke hukunci cikin minti biyu.

Na ji dalilan da aka kawo. Yana cikin mutum ukun da suka fara shiga gidan ranar 4 ga Afrilun 1922, ya motsa gawarwakin, ya buɗe ƙofa da makulli, kuma akwai tsohuwar magana tsakaninsa da Viktoria, 'yar mai gidan. Ban musa ba. To amma me ya sa ba ku faɗa wa masu sauraro cewa ya ce Josef yake nema ba, yaron Viktoria ɗan shekara 2 da ake cewa ɗansa ne? Me ya sa ba ku faɗi cewa kafin masu bincike su iso, jama'a sun tattake wurin, sun taɓa komai, har da masu dafa abinci a madafin gidan? Ƙarfen haƙan da aka yi kisan da shi sai a 1923 aka gan shi, lokacin da ake rushe gidan. Sawun da mai gidan, Andreas Gruber, ya gani a dusar ƙanƙara, wanda ya fito daga daji ya nufo gida bai koma ba, har yau ba a san mai shi ba. Duk wannan kuka tsallake, don ku samu ƙarshe mai daɗin ji.

Malam, ni ɗan irin wannan maƙwabcin ne, shi ya sa nake rubutu hannuna na rawa.

Ina ɗan shekara tara aka kashe wani falke a hanyar fadamar ƙauyenmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ganinsa, da sassafe, zai je ban ruwan albasa. Ya tarar da mutum kife a cikin ciyawa. Ya birkito shi ya ga ko da sauran numfashi, ya shafe masa ido, ya tuɓe rigarsa ya rufa masa, sannan ya ruga gidan mai gari da jini a hannu. Wane Musulmi ne zai ga ɗan'uwansa a yashe ya tsaya tunanin sawu da zanen yatsa? Amma da yake shekarar da ta gabata sun taɓa yin sa-in-sa da mamacin a kan kuɗin buhu biyu na gero, kafin azahar magana ta gama gari.

An tafi da shi, ya yi kwana goma sha ɗaya a tsare, aka sako shi domin babu komai a kansa. Mun ɗauka an gama. Ashe a ranar aka fara.

Da yamma, in an fito da tuwo ƙofar gida, dattawan layinmu kan haɗu a tabarma ɗaya, kowa da kwanonsa, a ci tare. Ina tsaye riƙe da buta na ga an buɗe kwanon kowa an ci, namu yana gefe da faifansa a rufe. Baba ya sa hannu ya buɗe da kansa, ya ce bismillah, babu wanda ya miƙo hannu. Ya ci loma biyu ya rufe, ya ce in mayar ciki. Daga ranar bai ƙara fita da abinci ba. Innarmu tana ƙosan sayarwa, ƙanwata ta riƙa dawowa da tire cike kamar yadda ta fita da shi, har Inna ta kife kaskon ta haƙura. Yayarmu an sa mata rana, dangin mijin suka aiko a mayar musu da kayansu, ba tare da sun faɗi dalili ba, kuma babu wanda ya tambaya don kowa ya sani. A makarantar allo yara suna matsawa in na zauna. A masallaci kuwa, wanda ya fi ci wa Baba rai, mutum zai shigo ya ga gurbi kusa da shi a sahun gaba, ya koma sahu na biyu.

Babu wanda ya taɓa tarar gabansa ya ce kai ka kashe. Da an faɗa, da ya samu bakin rantsuwa. Shekara goma sha bakwai ya yi a haka, ya tsufa kafin lokacinsa. A ciwonsa na ajali ya kira ni ya ce in ɗauko Alƙur'ani, ya dafa, ya rantse mini cewa bai san komai ba game da jinin mutumin nan. Na ce Baba, ai ban taɓa zarginka ba. Ya ce ya sani, amma yana so in samu abin da zan faɗa wa 'ya'yana in an gaya musu. Kuma an gaya musu. Bara ɗiyata ta dawo daga biki a ƙauyen tana kuka, wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce jikar wane ce.

Wanda ya kashe falken nan har yau ba a san shi ba. 'Ya'yansa suna nan da nasu ciwon, ban manta da su ba, kuma ina roƙon Allah ya bi musu hakkinsu. Sai dai ɗora wa mahaifina bai dawo musu da komai ba, illa ma ya sa aka daina neman mai laifin na gaskiya, tunda gari ya riga ya samu wanda zai nuna.

Kada ku ce mini ai Jamus ce, da nisa, kuma an haura shekara 100. Mutumin nan ya bar zuriya, shirinku kuma kuna ɗora shi a intanet. Ko da ba za su taɓa ji ba, mu mun ji, kuma yaranmu sun ji gidan rediyon da suke girmamawa yana koya musu cewa wanda ya fara ganin gawa shi ne mai kisa. Gobe wa zai ga mutum a yashe a hanyar gona ya tsaya?

Tunda na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Shirin manoma da kuka mayar ƙarfe takwas na safe, su wa kuke so su ji? A wannan lokacin muna gona. Ku mayar mana da shi bayan isha'i yadda yake a da.

Abin da nake nema shi ne mai gabatarwar ya fito a shiri na gaba, da bakinsa, ya janye maganar, ya faɗa wa jama'a cewa babu kotun da ta kama mutumin nan da laifi. Ranar Laraba zan kunna rediyona in saurara.

Naku, mai sauraro daga ƙasar Katsina.