Kafin ku kashe riyal kan bidiyon launuka na kiɗan lantarki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ce wani abu kan bidiyon kiɗan lantarki da matasanmu na Jidda da Riyad ke saye, irin wanda babu mutum kuma babu labari a cikinsa, sai launuka da layuka suna bin bugun kiɗa. Tun da aka fara bikin kiɗa na Soundstorm a Riyad a Disambar 2019 abin ya shiga ran yaranmu.

Mafi yawan irin waɗannan bidiyo ba su cancanci kuɗin kowa ba. Idan hoton kumbura kawai yake yi yana sacewa duk lokacin da ganga ta buga, aikin manhaja ne, kuma manhajar MilkDrop na yin haka tun 2001, ga wata irinta mai suna projectM kyauta. Wanda ya cancanci a mallaka shi ne wanda mai zane ya zauna ya ɗora kowane sauyi a kan kiɗan: ganga ta tsaya hoto ya tsaya, sabon sauti ya shigo sabuwar siffa ta fito. Kallon minti biyu ya isa a gane.

In an dace da irin wannan, mallakarsa ta fi kallo a intanet nesa ba kusa ba. Ana matse bidiyon intanet don ya rage cin data, kuma abin da matsewa ta fi ɓatawa shi ne dubban ɗigogi masu gudu da launi mai shiga duhu a hankali. Sai ka ga hoto ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, baƙi ya rabu hawa-hawa. Faifan Blu-ray na kai megabit 40 na data a daƙiƙa, intanet kuwa 'yan kaɗan ne. Sauti ma haka: wajen kilobit 128 a intanet, 1,411 a faifan CD.

Faifan DVD ba na ba da shawararsa. Girman hotonsa ɗigo 720 a 576 ne kawai, a babban talabijin dishi-dishi yake fita. Ga matsalar yanki, wato ana kulle faifai ya yi aiki a na'urorin wani ɓangaren duniya kawai: Saudiyya na yanki na 2, faifan Amurka na 1 ne, na'urarmu na iya ƙin karɓarsa. A Blu-ray ma yankinmu B ne, na Amurka A. Zafin cikin mota a nan kuma yana lanƙwasa faifai.

Gara a sayi fayil daga hannun mai aikin. Bidiyon awa ɗaya a megabit 20 a daƙiƙa na cin gigabait 9, don haka a mai da filashi tsarin ajiya na exFAT, domin tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. A ajiye kwafi biyu. A haɗa sifika da waya, kada da Bluetooth, saboda yana jinkirta sauti, hoto ya riga ganga, abin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne walƙiya. Hasken da ke ƙiftawa fiye da sau uku a daƙiƙa na iya tayar da farfaɗiya ga wasu. A 1997 an kai ɗaruruwan yara asibiti a Japan bayan wani shirin talabijin mai irin wannan haske. Masu kunna shi a wurin biki ko ɗaki mai yara, don Allah ku kalle shi har ƙarshe tukuna, ku bar fitila a kunne, ku tsallake wurin da ke walƙiya.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Jidda, Saudiyya