Ƙwallon 'Yan Mata da Gurbin Karatu a Amurka: Kada Mu Yi Cinikin Biri a Sama

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana iyaye na Kaduna waɗanda 'ya'yansu mata ke buga ƙwallo. Tun da Super Falcons suka ɗauko kofin Afirka karo na 10 a Maroko cikin Yulin 2025, 'yan mata sun ƙaru a filayen atisaye, daga Barnawa har Kawo. Dillalai kuma sun biyo bayansu, kowanne riƙe da takarda mai tutar Amurka, yana alkawarin sikolashif.

Ni malamar makaranta ce, 'yata tana aji biyu na babbar sakandare, tana tsaron baya. Wani ya same mu a bakin fili ya ce in biya kuɗin fom da na gwaji da na "haɗa mu da koci", jimilla ya fi albashina na rabin shekara, wai cikin wata uku za ta tashi. Na ce masa wace jami'a ce, kuma wane ne kocin? Sai ya ce ai sirrin sana'a ne. Daga nan na shiga bincike da kaina, kuma abin da na gano shi nake so iyaye su ji.

Hanyar gaskiya ce, ba ƙarya ba. Tsofaffin 'yan wasan Falcons Mercy Akide da Florence Omagbemi sun yi karatu a Kwalejin Milligan ta jihar Tennessee bayan gasar duniya ta 1999. Uchenna Kanu ta yi nata a Jami'ar Southeastern ta Florida. Deborah Abiodun ta tashi daga Rivers Angels zuwa Jami'ar Pittsburgh, inda Randy Waldrum yake koci a lokacin, kuma shi ne kocin Falcons a wancan lokaci. Wato mutumin da zai ba ta gurbi ya ga wasanta da idonsa. Wata doka ta 1972 da suke kira Title IX ita ta tilasta wa jami'o'in Amurka kashe wa wasannin mata kuɗi, shi ya sa guraben suke nan.

Amma kalmar "cikakken sikolashif" da ake yaudarar mu da ita, a yi hattara. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, tana da rukuni uku, kuma na ukun ba ya ba da ko sisi saboda wasa. Jami'ar Yale, inda Michelle Alozie ta Falcons ta yi digiri, ita ma ba ta bayarwa, sai dai ta duba ƙarfin iyaye ta tallafa. A rukuni na ɗaya kuwa, har zuwa 2025 cikakken sikolashif 14 ne iyakar abin da ƙungiyar mata za ta samu, koci ya yanyanka shi ga 'yan wasa kusan talatin. Wata ta samu rabi, wata kwata, ragowar kuma iyaye ne za su cika, da dala. Akwai NAIA, wata hukumar wasanni ta ƙananan jami'o'i, da kwalejojin shekara biyu, waɗanda sau da yawa sun fi sauƙin shiga, amma dillali ba ya ambaton su domin sunansu ba ya sa uwa ta sayar da sarƙarta.

Abin da ya fi ba ni mamaki a matsayina na malama shi ne yadda takardun makaranta suke gaba da ƙafa. Kafin yarinya ta buga wasa ko ɗaya a rukuni na ɗaya ko na biyu, sai cibiyar tantancewa ta NCAA ta duba sakamakonta na shekara huɗu, daga aji uku na ƙaramar sakandare har WAEC ko NECO. Yarinyar da ake cirewa daga aji ranar Laraba don zuwa gwaji a Abuja, ana rage mata hanya ne, ba a ƙara mata ba. Sannan batun shekaru, wanda duk mun san ana yi amma ba a faɗa. Wani mai horarwa zai ce a rage mata shekara biyu "don ta shiga 'yan ƙasa da 17". To ranar da takardar haihuwa da lambar NIN da fasfo da rajistar WAEC suka ƙi haɗuwa, shi yana gidansa, 'yarki ce za ta tsaya gaban jami'in biza tana kame-kame. Haka idan ta gama sakandare, shekara ɗaya ce rangwamen da rukuni na ɗaya yake ba ta kafin ta shiga jami'a. In ta wuce tana buga gasa, za a zaftare mata daga shekarun wasanta. Karɓar albashi daga kulob fiye da kuɗin hidima shi ma yana iya jawo mata matsala.

Tuntuɓar koci kuwa kyauta ce. Adireshin imel ɗinsa yana shafin jami'ar. Yarinya ta rubuta da kanta, ta haɗa da sakamakonta da bidiyon cikakken wasa, ba guntayen da aka sa wa kiɗa ba. Kocin rukuni na ɗaya ba shi da izinin zawarcinta sai daga 15 ga Yuni bayan ta gama ajin da ya yi daidai da SS1 ɗinmu, saboda haka shirunsa kafin nan ba ƙi ba ne. Takardar I-20 da ake neman biza da ita jami'a ce kaɗai ke bayarwa. Bizar ma tun 2025 Amurka ta tsananta wa 'yan Najeriya, duk wanda ya ce yana da hanya a ofishin jakadanci, a riƙe jaka da kyau. Ofishin EducationUSA na Abuja yana ba da shawara, can ya kamata a fara tambayar halin da ake ciki.

Dangin mahaifinta sun tambaye ni batun sutura, kuma tambaya ce mai kyau. Tun 2014 dokar ƙwallo ta amince da rufe kai, Nouhaila Benzina ta Maroko ma da hijabinta ta buga gasar duniya ta 2023. Ni abin da zan tambayi koci ya wuce haka: yaya ake atisaye da azumi, akwai masallaci kusa, wa zai biya idan jijiyar gwiwa ta tsinke, kuma tallafin na shekara huɗu ne ko duk shekara ake sabuntawa? In amsar ba ta gamsar da ni ba, ABU Zariya da KASU suna nan, akwai gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka filayen atisaye na garin nan ranar Asabar da safe, ya tambayi waɗannan dillalai sunan yarinya ɗaya da suka taɓa kaiwa da jami'ar da take, sannan ka buga mana amsar da suka bayar.

Wassalam.

Wata uwa,
Unguwar Rimi, Kaduna