Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Lisa Nandy: wasan Rixi Markus ya cancanci amincewa

Ranki ya daɗe, Sakatariyar Al'adu da Wasanni ta Birtaniya, ina gaisuwa.

Magana ɗaya ce ke tafe da ni. Hukumar Sport England, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatarki, har gobe ta ƙi sanya birij, wasan kati da ake yi biyu-biyu, cikin jerin wasannin da ta amince da su, wai don ba a motsa jiki a cikinsa. Alhali jifan kibiya a allo da kamun kifi da fatsa duk suna cikin jerin.

Kin san Rixi Markus, gwanar birij. A 1937 tana cikin matan Ostiriya da suka ci kofin duniya. A 1938 ta tsere wa 'yan Nazi daga Vienna da 'yarta ƙarama, Landan ta ba ta mafaka, ita kuma ta saka da abin da ta fi iyawa. Da abokiyar zamanta a tebur, Fritzi Gordon, ta ciyo gasar duniya ta mata biyu-biyu a 1962, ta sake ci a 1974. A 1964 tana cikin tawagar Birtaniya da ta yi nasara a New York. Ita ce mace ta farko da ta kai matakin ƙoli na gwanayen birij a duniya. Tun 1955 take koyar da wasan a jaridar Guardian har ta rasu a 1992. Gwamnatinku da hannunta ta ba ta lambar girmamawa ta MBE a 1975. Karawar birij da ake yi tsakanin majalisun dokokinku biyu ma ita ta assasa ta.

To yaya za a karrama mace, a wofintar da abin da aka karrama ta dominsa?

Masu cewa ai karta ce, caca ce, su leƙa zauren gasa: katunan da aka raba wa wannan tebur su ne ake kai wa na gaba, a ga wanda ya fi sarrafa su. Kwamitin Olamfik ya amince da hukumar birij ta duniya tun 1999.

A 2015 kotu ta ce Sport England ba ta karya doka ba da ta ƙi amincewa da birij. To a gyara ma'aunin, wannan kuwa aikin gwamnati ne. A 2023 an ware wa wasan ces, wato darar Turawa da ita ma ba a motsa jiki a cikinta, kuɗi, kuma na ji daɗin haka.

Ina roƙonki, ki zauna da ƙungiyar birij ta Ingila, ki sa a buɗe wa 'yan mata masu tasowa ƙofar tallafin horo da kuɗin zuwa gasa.

Na gode.