A Kai Yaranmu Su Ga Wuraren Tarihin Ƙasarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wuraren tarihin Najeriya, da yadda mu mutanen karkara muka zama baƙi a gare su, har da waɗanda ke bayan gidajenmu.

Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa. Idan zangon karatu ya zo ƙarshe, makarantun da ke da ɗan hali sukan tara kuɗi, su ɗauki shatar mota, su kai yara ziyarar buɗe ido. Ina ake zuwa? Gidan zu na Kano, sai filin jirgi, sai wani babban kanti a sha askirim a juyo gida. Ban ce wannan ba shi da amfani ba, yaron da bai taɓa ganin zaki ko jirgi a ƙasa ba ai ya ƙaru. Abin da ke damuna shi ne yaron nan zai gama sakandare yana iya faɗa maka dalar Masar da ganuwar Sin, amma bai san cewa a garin da ya rubuta jarrabawarsa akwai duwatsun da Turawa ke ƙetaro teku don su gani ba.

Ina nufin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. A ƙarƙashin inuwar waɗannan duwatsu akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi da launi, galibi ja da fari. Sai ka matsa kusa sosai ka bar idonka ya saba da inuwar kafin su fito maka. Ranar da na kai wasu ɗalibaina, ina ta bayani, wani yaro Bafulatani ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Malam, shanun nan ba su da tozo." Gaskiyarsa. Ga ƙaho dogaye, ga baya a miƙe sumul. Bunaji da Rahaji da Gudali da muke kiwo yau duk masu tozo ne. Ke nan a wannan ƙasa tamu an taɓa kiwon wani irin shanu da yanzu babu shi a garkenmu, kuma masu kiwon sun damu da su har suka zauna suka zana su a jikin dutse. Yaron da ya gano wannan da idonsa ba zai manta ba, ko da ya manta duk abin da na rubuta masa a allo. A wurin kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan ka ƙwanƙwasa da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kuma za ka ga gurabun da bugu ya lotsa tun zamanin da ba wanda ya san farkonsa. A nan Birnin Kudu ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya fara rubuta labarin irin waɗannan duwatsu a 1955, daga nan masana suka shiga nemansu a sauran ƙasashen Afirka. Da yawa daga cikin manoman da gonakinsu ke kewaye da wurin ba a taɓa ba su wannan labari ba. Shi ya sa za ka tarar an rubuta suna da gawayi kusa da zanen, ko an hura wuta a ƙarƙashinsa. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne, kuma laifin namu ne da muka yi karatu muka yi shiru.

Jigawa ba ta tsaya nan ba. Garun Gabas da ke ƙasar Haɗeja ita ce Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. A Haɗeja kanta ne Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka gwabza a watan Afrilun 1906, ya yi shahada tare da mutanensa masu yawa. Yaran Haɗeja sun san wannan a bakin kakanninsu. Yaran Gwaram da Kazaure fa?

Sai Kano, wadda ita ce ta fi ba ni takaici saboda yawan abin da take da shi. Bisa lissafin tarihin Kano, Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, aka yi ta faɗaɗa ta a zamanin sarakunan baya. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, ya kafa Kasuwar Kurmi, a zamaninsa kuma Shehu Maghili ya zo Kano. Duk wannan yana cikin tafiyar wuni ɗaya. Ka hau Dala da hantsi ka ga birnin a shimfiɗe, Goron Dutse na kallonka, a ba yara labarin Barbushe da zuwan Bagauda. Ka sauko ka shiga Gidan Makama su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da sulke da lifidi. Ka biya marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta tun 1498, su leƙa cikin karofi su ga yadda baba da toka ke haɗuwa su ba da shuni, su ji warinsa, su ga hannun marini da ya rine har gwiwar hannu. Ka ƙarasa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Kuɗin wannan duka bai fi na askirim da lilo ba.

Amma ganuwar tana tafiya, Malam Edita, muna kallo. Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Ƙofar Na'isa har Gadon Ƙaya ya san abin da nake faɗa. Wani wuri damina ta cinye, wani wuri an ɗebi ƙasar an yi gini, wani wuri an yanka fili an kafa shago, wani wuri ya koma juji. Ƙofofi da dama an rushe na ƙasa an sake su da siminti don a faɗaɗa titi. Na san gari yana girma, mota tana son hanya, mutane suna son matsuguni. Sai dai abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ɗora masa ƙasa da kwando a ka, idan ya tafi ba kwangilar da za ta dawo da shi. Zariya ta ɗanɗana wannan. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a shekarun 1830, wanda bakan gizonsa ya sa masana gini na duniya suka yi ta rubutu a kansa, wani sashensa ya rufta a kan masallata a watan Agustan 2023, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Tsohon gini kulawa yake so kowace shekara, kamar yadda kowane magidanci a ƙauye yake yaɓe ɗakinsa kafin ruwa ya sauka.

Za a ce da ni, to malam, na kusa mun ji, amma Najeriya ƙasa ce mai faɗi, talakan ƙauye ina ya ga kuɗin yawon ganin duwatsu? A nan nake so a tsaya a duba. Wa ya kai mutumin karkarar Kano da Jigawa yawo a ƙasar nan? Da an gama girbi samarinmu sun bazu ci-rani. Suna Legas, suna Ibadan, suna Benin, suna Fatakwal. Direbobinmu na manyan motoci da fataken shanu suna ratsa Lokoja dare da rana. Nawa ne a cikinsu suka san cewa Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka kama a 1903, a Lokoja ya ƙare rayuwarsa a 1926, kuma kabarinsa yana can? Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma can aka kai shi, can ya rasu. Bakano ya tsaya a garin ya ci abinci, ya sha mai, ya wuce, bai san sarkinsa na kwance kusa da shi ba, balle ya tsaya ya yi masa addu'a. Da ya sani, wallahi da yawa za su tsaya. Daga kan Dutsen Patti kuma ana hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, abin da muke zana wa yara a allo kullum.

Haka ɗan ci-ranin da ke tura baro a Abekuta yana ganin Dutsen Olumo, inda Egbawa suka fake lokacin yaƙe-yaƙe. Na Benin yana tsallake ramin ganuwar tsohuwar masarautar da Turawan Ingila suka ci a 1897 suka kwashe kayan tagullarta. Na Legas mota ɗaya ce tsakaninsa da Badagiri, inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa, inda kuma tsohon benen da 'yan mishan suka gina a 1845 yake tsaye. Ba kuɗin mota ne ya hana su ba, tunda sun riga sun je. Labari ne bai kai gare su da harshen da suke ji ba.

Wani kuma zai ce wasu wuraren na tsafi ne, Musulmi me ya kai shi. Gaskiya ne kurmin Osun da ke Oshogbo, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihin duniya a 2005, wurin bautar gargajiya ne har yau, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kada ya je, ba dole. Amma Dala ma ai wurin Tsumburbura ne a dā, yau ga masallatai sun kewaye shi ta ko'ina, kuma ba mai fahimtar girman abin da Musulunci ya yi a Kano sai wanda ya san abin da ya tarar. Alƙur'ani da kansa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Mafi yawan wuraren namu ma na malamai ne da sarakunan Musulunci: Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda ya rasu a 1817, da na ɗansa Muhammadu Bello a Wurno, da hasumiyar Gobarau a Katsina da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, da tsohuwar Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Daura da rijiyar Kusugu kuwa, daga Kazaure ba nisa.

Matsalar da ba zan raina ba ita ce tsaro. Akwai hanyoyin da ni kaina ba zan ɗauki 'ya'yan mutane in bi da su ba a yanzu. Sukur da ke kan duwatsun Madagali a Adamawa, wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin UNESCO a 1999, mai hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse da gonakin da aka yi hawa-hawa a jikin tsauni, 'yan Boko Haram sun kai masa hari a 2014. Irin waɗannan wurare, kafin Allah Ya kawo sauƙi, jarida da rediyo ne ƙafar talaka.

Akwai labari ɗaya da nake so kowane manomi da makiyayi ya ji. A 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da itace a can ƙasa. Bai sare shi ya yi makamashi ba, ya kai labari. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon kimanin mita 8, aka auna shekarunsa aka samu kusan 8,000. Babu jirgin ruwan da aka samu a Afirka da ya girme shi. Yanzu yana Damaturu. Tsofaffin gumakan yumɓu na Nok da ke Jihar Kaduna ma masu haƙar kuza ne suka fara tono su. Mutumin ƙauye ne ke riƙe da fartanya da diga, shi zai fara cin karo da tsohuwar tukunya ko kufan maƙera. Idan ya san darajarsu zai kai rahoto ga mai gari. Idan bai sani ba zai fasa, ko ya sayar wa dillali a kuɗin goro, abin ya ƙetare iyaka.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe. Ku ware shafi, ko sau ɗaya a wata, wakilinku ya taka da ƙafarsa zuwa wuri ɗaya, ya rubuto mana da Hausa. Kada ya tsaya a kan tarihi kawai. Ya faɗa mana a wace tasha ake hawa mota, nawa ake biya a ƙofa, wa ake fara gaisarwa idan an isa, mai unguwa ne ko sarkin ƙofa ko ma'aikacin gidan tarihi, da lokacin da hanyar ta fi kyau. Ya ɗauko hoton wurin yadda yake, da juji da tsagewar bango, domin hukumomin da abin ya rataya a wuyansu su gani. Tunda an dawo da darasin tarihi makarantu bayan an daɗe da cire shi, mu malamai za mu yanke shafin mu liƙa a aji, shugabannin makarantu kuma su samu abin dubawa kafin su yanke inda motar yara za ta nufa. Gidajen rediyonmu na Kano da Dutse su ma su ɗauka, don a ƙauye rediyo ya fi takarda kaiwa nesa.

Ina kuma kira ga 'yan'uwana masu karatu da ke sauran jihohi su rubuto. Mutumin Sakkwato ya ba mu labarin Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi mai ganuwar dutse. Na Gaidam ya faɗa mana halin da kufan Birnin Gazargamu yake ciki. Na Dikwa ya gaya mana ko gidan Rabe yana nan tsaye, na Zungeru kuma ya faɗi abin da ya rage na hedikwatar Lugga.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta,
Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.